Gyaran Ɗaki Kafin Haihuwa: Shiri Ne Ko Shisshigi?

Ɗan'uwa mai karatu, ga wata tambaya da nake so mu zauna a kanta yau. Mace tana da ciki wata shida ko bakwai. Rufin ɗakinta yana yoyo, bangon gabas ya tsage, daɓen ya farfashe. Shin ya kamata mijinta ya tashi yanzu ya yi yaɓe, ya shafe bango da farar ƙasa, saboda jaririn da ke tafe? Ko kuwa ya dakata tukuna, sai Allah ya sauke ta lafiya?

Kada ka yi saurin amsawa. In ka jefa wannan tambaya a dandali, ko a Madawa, ko a Buza, ko a Keita, za ka ji amsa iri biyu, kuma kowane ɓangare yana da dattawa masu hankali.

Bari mu fara da masu cewa a dakata, don maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko akwai kunya. A wurinmu ba a zancen ciki a fili, balle cikin fari. Yarinya tana ɓoye shi da zane har ya fi ƙarfin zanen, mijinta kuma yana yi kamar bai gani ba. In ya kama shafe ɗaki, ai ya yi shela ke nan. Na biyu akwai tsoron baki. Ana cewa abin da mutane suka cika ambato ba ya ƙarko. Na uku, wasu suna ganin yin haka shisshigi ne cikin ikon Allah. Suka ce wa ya gaya maka za a haihu? Wa ya ba ka tabbacin abin da ke cikin duhun ciki?

Akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa ba, alhali kuwa shi ne uwar sauran. Iyayenmu mata sun binne ƴaƴa da yawa. Je ka tambayi kowace tsohuwa a unguwarku, nawa ta haifa, nawa suka rayu. Za ta lissafa maka da yatsu, ta kau da kai. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani ba don daɗinsu aka raɗa su ba. Sunayen ƴaƴan wabi ne, na uwar da ta gaji da haihuwa tana binnewa, har ta yi kamar ba ta damu da yaron ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Ko a shekarar 1998, cikin yara 1000 da aka haifa da rai a Nijar, 226 ba su kai shekara 5 ba. Wato kusan ɗaya cikin huɗu. Matar da ta ga irin wannan, in ta ƙi ɗinka rigar jariri kafin ta ji kukansa, ba jahilci ya sa ta ba. Tana tsare zuciyarta ne. Ta san nauyin komawa ɗakin da aka yi wa ado hannu wofi. Duk mai son magana a kan wannan al'ada, ya fara girmama wannan ciwo.

To, amma duk da haka ni ina tare da masu cewa a gyara. Ga dalilaina.

Dubi rumbunan ƙasar Adar, waɗanda baƙi kan tsaya a hanyar Buza su yi ta kallo saboda girmansu. Yaushe ake gina su? Da rani, tun ba a ga hadari ba. Manomi yana ɗora laka bisa laka, bai san ko damina za ta yi kyau ba, bai san ko fara za ta sauka ba. Shekara nawa aka yi rumbu ya kwana wofi? Amma ban taɓa jin an ce wa mai gina rumbu ya yi wa Allah shisshigi ba. Wanda ake yi wa dariya shi ne wanda damman gero suka taru a gona sannan ya shiga neman magini. Haka mutanen Majiya da suka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. Da yawansu ba su san ko za su ga girman itatuwan ba. Sun dasa, sun yi ban-ruwa, sun bar sauran ga Mai sama.

Malamai ma abin da suke karantar da mu ke nan. Suna ba da labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka nuna masa ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Akwai kuma labarin da ya fi kusa da zancenmu. Lokacin da naƙuda ta kama Nana Maryamu a gindin dabino, an umurce ta ta girgiza itacen don ƴaƴan su zubo mata. Mace mai naƙuda, ina ƙarfinta ina kututturen dabino? Wanda ya ba ta ɗa ba tare da uba ba, zubo da dabino ba zai gagare shi ba. Amma aka ce ta sa hannu. Shisshigi shi ne mutum ya bugi ƙirji ya ce lalle kaza zai faru. Wanda ya ce in Allah ya yarda, sannan ya ɗauki kwandon laka, bai shiga hurumin kowa ba.

Kuma in mun faɗi gaskiya, mu ma muna shiri kafin haihuwa, ba yau muka fara ba. Wane ne ke tara itacen wankan jego sai ranar da aka haihu? Tun ciki ya tsufa maigida yake jibge shi bayan ɗaki. Tsofaffi suna daka yaji, suna tanadin kanwa da gero. Mai cikin fari ana mai da ita gidan iyayenta goyon ciki tun da sauran wata ɗaya ko biyu. Ragon suna fa? Wani tun ciki yana wata huɗu ya ɗaure shi a turke, yana ba shi dusa da harawa, kowa yana wucewa yana gani, kowa ya san dalili. Ban ji wanda ya ce ragon nan zai jawo baki ba.

Ka ga ashe ba shirin ne muke tsoro ba. Zaɓe muke yi. Akwai abin da muke shiryawa da wuri, akwai wanda muke bari. In ka duba da kyau, abin da muke shiryawa da wuri yawancinsa na idon jama'a ne: rago, goro, dabino, atamfar fitar suna, kuɗin maroƙa. Abin da muke bari kuwa shi ne wanda ba mai gani sai uwa da ɗanta: rufi, daɓe, ƙofa, gidan sauro. A nan ne tambayar take da nauyi. Wa muke yi wa shiri? Baƙon da zai zo ya zauna, ko baƙin da za su zo ranar suna su ci su watse kafin azahar?

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma wannan baƙon ba haka yake ba. Zai zo ba riga, ba guzuri, ba ya magana. Ba zai iya cewa hayaƙi ya dame shi ba, ba zai iya korar sauro ɗaya daga goshinsa ba. In sarki ko wani babban malami zai kwana gidanka, za ka share, ka yi shimfiɗa, ka toshe ramin ɓera, alhali shi yana da bakin da zai yi ƙorafi da ƙafar da zai tashi ya tafi. Jariri ba shi da ko ɗaya. Duk abin da ya tarar, shi ne rabonsa. Kwana arba'in na farko, ɗakin nan shi ne duniyarsa gaba ɗaya, shi da uwarsa.

Akwai wani abu kuma da nake so game da aikin da aka yi kafin haihuwa. Lokacin da kake yaɓen, ba ka san ko namiji ne ko mace ba. Ba ka san ko zai yi kama da kai ko da dangin uwarsa ba. Mun sani, a wasu gidaje in aka ce mace ce, guɗar ma takan rage ƙarfi, ragon ma yakan rage girma. Amma ɗakin da aka gyara tun ciki yana wata bakwai bai san wannan bambanci ba. Wataƙila ita ce kyauta ɗaya da ɗiya mace take samu daidai da ɗa namiji ba tare da an yi gardama ba.

Sai zancen baƙin ciki, in abin bai zo da rai ba. Allah ya kiyaye. Amma mu dube shi ido da ido. A ce an gyara ɗaki, jariri ya koma. Me aka yi hasara? Uwar tana nan. Ta zubar da jini, jikinta ɗanye ne, a ɗakin nan za ta yi jinya. Tsofaffi da kansu suna cewa kabarin mai jego a buɗe yake har kwana arba'in. Ita ma tana da hakkin rufin da ba ya yoyo. Rigar jariri da ƴan takalma, waɗannan in mace ta ce zuciyarta ba ta iya ganinsu kafin lokaci, a ƙyale ta, ko a ba wata gwaggo ta ajiye a ɗakinta. Amma bango da rufi ba sa sa kowa kuka. Kuma ba sa shela. Mutum yana gyaran ɗakinsa kowace shekara kafin damina. In wani mai tsegumi ya tambaye ka, ka ce ɗaki ne ya tsufa. Ba ka yi ƙarya ba, kunyarka kuma tana nan.

Yanzu mu shiga cikin ɗakin, mu ga wane gyara ne na jariri, wane ne na ƴan barka.

Fara da ƙirga watanni. Ungozomar gidan likita takan rubuta lokacin da ake sa ran haihuwa a karnen awo, kuma kai da ka iya karatu yanzu ba sai ka nemi mai duba maka ba. In haihuwar za ta faɗo cikin Agusta ko Satumba, to rufi da indararo su ne farko, sannan sauro. In cikin ɗari ne, Disamba ko Janairu, ƙofa da taga za ka duba, don jariri yana saurin yin sanyi fiye da babba, balle wanda bai cika wata tara ba. In kuwa bazara ce, Afrilu ko Mayu, ka tuna ɗakin kwano yakan zama tanda da rana. Shigifar laka ta kakanninmu ta fi shi sanyi nesa ba kusa ba, ko da yake kwano ya fi ta suna a bakin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sai ya ɗaga kai ya duba.

Bango kuma, an ce sai ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ƙadangare kaɗai ne da sauƙi. Kunama tana shiga, kyankyaso da kuɗin cizo suna shiga. A toshe da sabuwar laka, a bar ta ta bushe sarai, sannan a yi shafe. Ni ba na cikin masu cewa ado ɓarna ne. Farin bango yana da aiki. Yana ƙara wa ɗaki haske, kunama ba ta ɓuya a jikinsa, sauron da ya sauka ana ganinsa. A ɗaki mai haske ne uwa za ta lura idon jaririnta ya yi ɗorawa, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa, ta yi maza ta kai shi likita. A ɗaki mai duhu sai abin ya yi nisa. Kuma macen da za ta kwana arba'in tana kallon bango huɗu, in an yi mata zane da jar ƙasa ko shuni a bakin ƙofa don ranta ya yi fari, wannan ba almubazzaranci ba ne.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne wajen fentin gwangwani. Yanzu duk wanda ya sayar da albasa ya samu ƴan kuɗi, ko ya dawo daga bida, yana so ya yi siminti ya shafa fenti mai ƙyalli. Fenti iri biyu ne. Akwai na ruwa, akwai na mai, wanda ake tsinkawa da fetur ko kananzir. Na man nan, musamman rawaya da ja da kore, wasu masana'antu suna zuba masa dalma don launi ya fito ya kuma daɗe. Dalma guba ce. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa yaro ya tofar. In fenti ya tsufa yana ɓarewa, garinsa yana zuba ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Tana taruwa a jikinsa kaɗan-kaɗan, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Likitocin duniya sun ce babu wani ɗan adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma har yanzu akwai ƙasashe da yawa da ake sayar da irinsa a kasuwa.

In kana ganin zancen nesa ne, tuna abin da ya faru a Zamfara, maƙwabtanmu, a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna dakawa suna niƙawa. Duwatsun suna da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna. Yara wajen 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne a kankare ƙasar sama a kwashe, a zubo sabuwa. Can ba fenti ba ne, amma gubar ɗaya ce, hanyarta kuma ɗaya: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Ƙasar ɗaki, ga yaro ƙarami, kusan abinci ce.

Saboda haka farar ƙasar da uwarka ta saba jiƙawa a ƙwarya ta fi gwangwanin da ba ka san abin da ke cikinsa ba. In lalle sai fenti, a sayi na ruwa. A yi shi da sauran wata biyu, a bar ƙofa da taga a buɗe har wari ya fita. Mai ciki kada ta riƙe buroshi, kada ta kwana a ɗakin sai ya bushe, kada kuma ta kankare tsohon fenti. Ɗaukar laka da jan ruwan kwaɓi ma ba nata ba ne. Abin takaici ne ka ga mace da tsohon ciki tana tallabe da kwano a ka tana kai wa magini ƙasa, maigida yana gindin bishiya yana dara.

Tun da muna zancen guba, leƙa ƙarƙashin gado. A ƙasar albasa, daga fadamar Tarka har Galmi, gidaje da yawa a ɗakin kwana ake ajiye maganin ƙwari da buhun takin zamani, don tsoron ɓarawo. Wani har da jarkar fetur ta babur. A fitar da su duka. Ɓarawon da ke cikin kwalbar ya fi na waje haɗari.

Sai wuta. Mai jego tana son ɗumi, gaskiya ne, amma komai yana da iyaka. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya, a shekarun 1970, sun lura mata da yawa suna zuwa bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Da suka bincika, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙasa, ga kuma wankan tafasasshen ruwa safe da yamma. Abin ya fi yawa a lokacin zafi. Ban ce a bar wanka ba, kada iyayena mata su yi fushi da ni. Ruwa mai ɗumi yana da amfani. Amma kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf yana cinye iskar da ake shaƙa, hayaƙin kara kuma yana shiga ƙirjin jariri. A bar wata ƴar kafa a sama don iska. Ɗumin da ya fi kowane kyau ga jariri shi ne ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare.

Gidan sauro, wanda muke kira sange, shi ne rabin gyaran ɗaki. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba fiye da miliyan 2 a Nijar tare da rigakafin shan inna, an kuma ci gaba da rabawa bayan nan. Yana daga cikin abin da ya sa lissafin nan na 226 ya sauko zuwa 128 a 2009. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yara ne masu suna, da yawansu yau sun yi aure. A 2013 kuma aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin damina wata-wata, Madawa da Buza suna cikin wuraren farko. Amma wannan magani sai yaro ya kai wata 3 ake ba shi. Kafin nan, sange ne kaɗai katangarsa. To ina sangen gidanku? In yana lambu an rufe irin albasa da shi, ko an ɗaure harawa, a nemo wani. A kafa ƙusoshinsa huɗu tun yau, mai cikin ta fara kwana ciki, don zazzaɓi yana shanye jinin mai ciki, yana kuma rage nauyin abin da ke cikinta.

Akwai wata ƙasa mai sanyi a arewacin Turai, sunanta Finlan. A 1938, lokacin tana fama da talauci da mutuwar jarirai, gwamnatinta ta fara ba mata masu ciki marasa ƙarfi wani kwali. A ciki akwai tufafin jariri da abin shimfiɗa, kwalin kansa kuma yana zama gadon farko. A 1949 aka ce kowace mace za ta samu, da sharaɗi ɗaya: ta je awo kafin cikinta ya wuce wata huɗu. Dubi dabarar. Sun ɗaure kayan ɗaki da awon ciki, don sun gane abu ɗaya ne. Mu ba mu da kwali, amma muna da ƙwarya da faifai. A sa sabulu, da tsofaffin zannuwa da aka wanke aka shanya a rana, da zare mai tsabta, da sabuwar reza da ba a buɗe takardarta ba, da fitila mai sabon batir. A rufe a ajiye.

Kada ka ce na ce a haihu a gida. Haihuwa a gidan likita ta fi, don jini in ya ɓalle ba ya jiran safiya. Amma naƙuda ba ta sallama, kuma mun san yadda korama take yanke hanya da damina a ƙasar Keita da Majiya. Rezar nan guda tana iya raba rai da mutuwa. Ciwon tetanos, wanda ke sandare jariri ya kasa kama nono, ta cibiya yake shiga, daga tsohuwar aska ko toka ko ƙasar da aka shafa. Yakan bayyana wajen kwana bakwai, daidai lokacin da ake ɗora tukwanen suna. Da can aljannu ake ɗora wa laifi. A 2016 aka tabbatar Nijar ta ci ƙarfin wannan ciwo, albarkacin allurar da ake yi wa mata da tsabtar haihuwa. Amma ƙwayarsa tana nan cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba ta ƙaura ba. Wanda ya bar allura ya buɗe mata ƙofa.

A 2006 hukuma ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Madalla. Sai dai doka ba ta ɗaure wa jaki amalanke, ba ta zuba wa mota mai. Wa zai kai ta in abin ya tashi da tsakar dare? Amalanken wa? Lambar wayar wa? Ina kuɗin da aka ware? Ba a fafe gora ranar tafiya. In ragon suna zai rage ƙiba don a samu wannan kuɗi, ya rage. Ba a taɓa fasa raɗa suna don rago bai yi kitse ba.

Saura tambaya ɗaya: aikin nan a wuyan wa yake? A wuyanka yake, maigida. Ɗaki naka ne, ciki naka ne. In ta tafi goyon ciki, kada ka ce ai tana hannun iyayenta. Je ka gai da surukinka, ka dubi ɗakin da za ta sauka, ka kai abin da ya sawwaƙa cikin ladabi. Kuma ka ji tsoron Allah tsakanin matanka. Mun iya gyaran ɗaki sarai in amarya za ta tare. A yi siminti, a yi shafe, a kafa jere har rufi. Uwargida kuwa da ke ɗauke da ciki na bakwai, an ce ai ta saba. Ba a sabawa da haihuwa. Likitoci ma sun ce wadda ta haihu da yawa ta fi shiga haɗarin zubar jini. Ɗanta na bakwai bai taɓa zuwa duniya ba, baƙo ne kamar na fari.

Na san ƙasarmu ƙasar bida ce. Da an gama girbi samarin Adar sun kama hanyar Abijan, ko Legas, ko Libiya, wasu sai shekara biyu. Da yawa ta waya suke jin an haihu. In kana cikinsu, yi aikin kafin ka ɗauki jaka. Bayan kaka ne lokacin da ya fi sauƙi, ga kara, ga ruwa bai ƙafe a tabki ba, ga hannuwa ba su watse ba. In kuma kuɗi za ka aiko, ka faɗa da bakinka: kaza na rufi ne, kaza na mota ne in ta kama, sauran na suna. In ba ka raba ba, suna zai cinye duka.

Ku kuma da kuka rage a gari, ku duba unguwa. Akwai matar da mijinta ya yi nisa, waya ma ta daina shiga. Kunya ba za ta bar ta ta roƙi kowa ba. Matan Keita sun ɗauki duwatsu a ka shekara da shekaru tun daga 1984, suka tare zaizayar tsaunuka da hannuwansu. Yaɓen ɗaki ɗaya ba zai gagari maza huɗu ba. Ku gaya wa mai unguwa ko liman, a kira gayya ranar da ba kasuwa. Biyu su kwaɓa ƙasa tun jajibiri ta kwana, biyu su hau rufi da sassafe. Tsofaffin mata su zo da farar ƙasa bayan kwana uku, in bango ya sha iska. Ba sai kowa ya ambaci ciki ba. A ce ɗakin wance ake gyarawa kafin ruwa ya sauka.